Ƙiyasin kuɗin wutar lantarki na gida a Rano da Kibiya

Ƙiyasin kuɗin wutar lantarki na gida shi ne lissafin da magidanci ko ɗan haya yake yi domin ya san yawan wutar da kayan gidansa suke sha a rana ko a wata, da abin da ya kamata ya biya a kanta bisa farashin da hukuma ta amince da shi. Lissafin ya dogara a kan abubuwa uku: ƙarfin kowace na'ura, tsawon lokacin da ta yi tana aiki, da farashin yunit ɗaya. A ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da ke kudancin jihar Kano, kamar sauran garuruwan da ke wajen birni, abu na biyun ne ya fi wuyar kamawa, saboda na'ura ba ta aiki sai an kawo wuta, awannin da ake samun wutar kuma ba su tsaya a wuri ɗaya ba. Ga gidan da ba shi da mita, wannan lissafi shi ne kusan hujja ɗaya tilo da zai iya ƙalubalantar takardar kuɗin wuta da ita.

Yankin da kamfanin da ke ba shi wuta

Rano tsohon gari ne, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Ita da Kibiya da Bunkure mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta tarayya, kuma a ƙidayar 2006 Rano da Kibiya kowacce tana da mutane sama da dubu 130. Mafi yawan jama'ar manoma ne da 'yan kasuwa. Ban da hedikwatocin biyu, akwai garuruwa irin su Rurum da Saji a Rano, da Tarai da Fammar a Kibiya. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ba ta da nisa da yankin, sai dai kusancinta ba ya rage wa kowa ko kwabo a kuɗin wuta. Wutar da gidaje ke amfani da ita daga babban layin ƙasa take fitowa, wanda tashoshin iskar gas da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro ke ciyarwa, kuma tana shigowa Kano ta babbar tashar Kumbotso.

Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Kano, wanda aka fi sani da KEDCO, shi ne ke sayar da wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Yana cikin kamfanonin rarraba wuta da aka miƙa wa 'yan kasuwa a ranar 1 ga Nuwamba, 2013. Kafin nan aikin na hukumar NEPA ne, wadda aka kafa a 1972, sannan PHCN ta gaje ta a 2005. Sunan NEPA bai mutu a bakin mutane ba: har yau ana cewa "wutar NEPA" domin a bambanta ta da ta janareto ko ta sola, ma'aikatan da ke zuwa yanke wuta kuma "'yan NEPA" ake ce musu. Kamfanin ba shi da ikon sa farashi da kansa. Hukumar Kula da Harkar Lantarki ta Najeriya, wato NERC, wadda aka kafa bisa dokar gyaran fannin lantarki ta 2005, ita ce ta tsara farashin da aka ambata a wannan maƙala.

Wat da yunit

A Hausa kalmar "wuta" ta haɗa wutar murhu da ta lantarki, kalmar "lantarki" kuwa aro ce daga Ingilishi. Idan aka ce na'ura "tana shan wuta", maganar tana ɗauke da ma'ana biyu da kimiyya ta raba: saurin da na'urar ke jan wutar, da jimillar abin da ta ja bayan wani lokaci. Yawancin kuskuren da ake yi wajen lissafi daga cuɗanya waɗannan biyun yake tasowa.

Saurin jan wuta da wat ake auna shi, sunan da aka ɗauko daga James Watt (1736–1819), injiniya ɗan Sukotland. Wat 1,000 shi ne kilowat ɗaya. Jimillar wutar da aka sha kuwa da kilowat-awa ake auna ta, ita ce mutane ke kira yunit, kuma a jikin mita da rasit ana rubuta ta kWh. Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai wat 1,000 za ta sha idan ta yi awa ɗaya tana aiki, ko wadda ƙwai mai wat 10 zai sha a awa 100. Ana iya kwatanta wat da ƙarfin zubar ruwa daga famfo, yunit kuma da jarkar da aka cika. Mai ga-ruwa a kan jarka yake karɓar kuɗi, ba ruwansa da famfon da ya cika ta. Haka kamfanin wuta a kan yunit yake karɓa.

Kusan kowace na'ura tana da ɗan rubutu a bayanta ko a ƙasanta da ke nuna ƙarfinta, lamba ce mai harafin W a gabanta. Idan harafin A aka rubuta, wato amfiya, sai a ninka lambar da 230, domin wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Na'ura mai amfiya 2 ke nan tana jan kusan wat 460. Injin tura ruwa da na'urar sanyaya ɗaki sau da yawa da ƙarfin doki ake sayar da su, doki ɗaya kuwa kimanin wat 746 ne, ko da yake abin da injin ke ja daga soket yakan ɗan ɗara haka.

Ƙa'idar lissafin ita ce:

yunit = wat × awa ÷ 1,000

kuɗi = yunit × farashin yunit ɗaya, sannan a ƙara haraji

Farashi da rukunoni

Tun daga ƙarshen 2020 ana sayar da wuta a Najeriya bisa yawan awannin da aka yi alkawarin ba mutum a rana. An raba masu amfani da wuta zuwa rukuni biyar. Rukunin A, wanda ake rubutawa Band A a rasit, shi ne na waɗanda ya kamata su sami aƙalla awa 20 a rana. Rukunin B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Ba gari ake ba rukuni ba, babban layin da ke kai wuta unguwa ake ba, wanda ma'aikata ke kira fida. Saboda haka unguwanni biyu a gari ɗaya suna iya zama a rukuni daban-daban, kuma mutumin Rano ko Kibiya ba zai san nasa ba sai ya duba rasit ɗin da aka ba shi ko takardar bil, ko ya tambaya a ofishin kamfanin.

A ranar 3 ga Afrilu, 2024, NERC ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, fiye da ninki uku na abin da ake biya a da. A watan Mayu an rage shi zuwa naira 206.80, a watan Yuli kuma ya koma naira 209.50. Wannan ƙarin bai taɓa rukunin B zuwa E ba, waɗanda gwamnatin tarayya ta ci gaba da biya musu tallafi. Akwai kuma wani farashi na masu ƙaramin ƙarfi, naira 4 a kan yunit, ga gidan da aka yi wa rajista a wannan aji kuma ba ya wuce yunit 50 a wata. A kan duk abin da aka saya ana ƙara harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairun 2020. Tsayayyen kuɗin wata da ake caji a da ko an sha wuta ko ba a sha ba, an soke shi tun Fabrairun 2016.

A misalan da ke ƙasa an ɗauki naira 50 a matsayin farashin yunit domin sauƙin lissafi, tare da naira 209.50 ta rukunin A domin kwatance. Da haraji, naira 50 tana komawa 53.75, naira 209.50 kuma tana komawa kimanin 225.21. Mai yin lissafi zai sa farashin da ke jikin rasit ɗinsa a gurbinsu.

Misalin gida mai ɗaki uku

A ɗauki gida a cikin garin Rano da ke samun wuta awa 8 a rana. Yana da ƙwayayen lantarki 6 na zamani masu wat 10 kowanne, ana kunna su awa 5: wat 60 sau 5, yunit 0.3 ke nan. Fanka biyu na sama masu wat 70 kowacce suna juyawa duk awa 8 ɗin, sun sha yunit 1.12. Talabijin da dikodarsa, wat 80 a haɗe, awa 4, yunit 0.32. Wayoyi uku, kowacce tana ɗaukar kusan wat-awa 20 kafin ta cika, yunit 0.06. Jimillar rana ɗaya yunit 1.8, a kwana 30 kuma yunit 54. Idan ana guga awa biyu a mako da dutsen guga mai wat 1,000, an ƙara kusan yunit 8 a wata. Gidan ya sha yunit 62.

A kan naira 50, kuɗin ya kama naira 3,100, harajinsa naira 232.50, gaba ɗaya naira 3,332.50. Yunit 62 ɗin nan a farashin rukunin A ya kai kusan naira 13,960.

Abin lura a wannan misali shi ne fanka biyu kaɗai sun sha fiye da rabin wutar yini, alhali wayoyin da kowa ke rige-rigen jonawa da zarar an kawo wuta ba su sha abin kirki ba. Da kuma ƙwayayen nan shida tsofaffi ne masu zare, masu wat 60, da su kaɗai sun sha yunit 1.8 a rana, daidai da abin da gidan duka ke sha yanzu. Bambancin tsohon ƙwai da na zamani a wannan gida yunit 45 ne kowane wata.

Abubuwan da ke karkatar da lissafi

Duk na'urar da aikinta samar da zafi ne ita ce babbar mai shan wuta: hitar dafa ruwa, murhun lantarki, butar lantarki, dutsen guga. Dalilin yana cikin halittar ruwa kansa. Kafin a ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya ana buƙatar kusan wat-awa 1.16. Bokiti mai lita 15 da aka ɗumama daga digiri 18 zuwa 45 domin wanka da asuba a lokacin hunturu zai ci kusan rabin yunit, ko da wace irin hita aka yi amfani. Gida mai mutum takwas da kowa ya ɗumama bokitinsa ya sha kusan yunit 4 kafin gari ya gama wayewa, wato ninki biyu na abin da ƙwayaye da fanka da talabijin suka sha a yini guda a misalin da ya gabata. Murhun lantarki mai wat 1,500 da ake girki da shi awa ɗaya kullum yunit 45 ne a wata. Shi ya sa gidan da ya ga katinsa yana saurin ƙarewa a watan Janairu, lokacin da ba a ko kunna fanka, ya kamata ya fara duba hita kafin ya zargi mita.

Firji da firiza nasu lissafin daban ne. Injinsu ba ya aiki a kowane lokaci: idan ciki ya yi sanyi sai ya tsaya, idan ya fara ɗumi ya sake tashi. Littattafan da aka rubuta domin ƙasashen da wuta ba ta yankewa sukan ce a lissafa kashi ɗaya cikin uku ko rabin lokacin kawai. Wannan shawara ba ta aiki a inda ake ɗauke wuta awa 16 a rana, saboda kafin a dawo da ita kayan ciki sun huce, injin kuma zai yi ta aiki ba tsayawa har a sake ɗaukewa. Ya fi dacewa a lissafa awannin wutar gaba ɗaya. Firiza mai wat 150 a gidan da ke samun awa 8 za ta sha yunit 1.2 a rana, 36 a wata, kimanin naira 1,935 a kan farashin misali. A layin da ke samun awa 20, inda injin zai huta kusan rabin lokaci, za ta sha kusan yunit 45, wanda a farashin rukunin A ya haura naira 10,000. Ga matar aure da ke sayar da ƙanƙara ko zoɓo ko kunun aya daga cikin gida, wannan adadi yana cikin jarin sana'a, kuma rashin cire shi daga ciniki yana sa a ɗauka ana cin riba alhali kuɗin wutar maigida ake ci. Daga 2022 zuwa 2025 azumin Ramadan ya faɗo a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi a Kano ke kaiwa digiri 40, kuma lokacin ne firiza ta fi aiki.

Raunin wuta ma yana taɓa lissafi. Idan taransifoma ta yi wa unguwa kaɗan, ko gida yana can ƙarshen layi, wutar takan zo ba ƙarfi. Hitar da aka rubuta wa wat 1,000 a bolt 230 wat 610 kawai za ta ja idan wutar ta faɗi zuwa bolt 180. Wannan ba sauƙi ba ne, domin ruwan zai daɗe bai yi zafi ba, a ƙarshe yunit ɗin da aka sha daidai yake da na da ko ma ya ɗara. Injin firji kuwa yakan yi ta yunƙurin tashi ya kasa, abin da ke ƙona shi.

Sai kwanakin da ba a ga wuta ba sam. Ninka lissafin rana da 30 daidai ne kawai idan an sami wuta kwana 30. Idan taransifoma ta lalace kwana 10, ko iskar farkon damina ta kayar da turakun wuta, da 20 za a ninka, gidan misali ya koma yunit 36 maimakon 54. A ƙarshen Oktoban 2024 mafi yawan jihohin Arewa, har da Kano, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke bi ta Ugwuaji zuwa Apir kuma ya sami matsala. Mai mita bai biya komai a waɗannan kwanaki ba, saboda mitarsa ba ta motsa ba. Wanda ba shi da mita kuwa sai da rubutun kwanakin zai iya nuna cewa bil ɗin watan ya kamata ya ragu. Ɗan littafin da ake rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, ko da yaro ɗan makaranta ne ke riƙe da shi, ya fi kowane kalkuleta amfani a wannan lissafi.

Gidan da ke da mitar kati

Mitar da ake biya kafin a sha, wadda ake kira mitar kati, ta sauƙaƙa aikin. Mutum yana sayen wuta a ofis ko wajen mai POS ko ta waya, a ba shi lambobi 20 ya shigar, mita ta nuna yunit ɗin da ya rage. Domin a san yunit nawa kuɗi zai sayo, sai a raba kuɗin da 1.075 a cire haraji, sannan a raba abin da ya rage da farashi. Naira 5,000 bayan haraji ta koma kusan 4,651. A kan naira 50 za ta sayo yunit 93, wanda zai kai gidan misali kwana 45. A rukunin A yunit 22 kawai za ta sayo, na kwana 10 ko 11. Idan yunit ɗin da aka samu bai kai abin da lissafi ya nuna ba, yawanci ɗaya daga cikin abu biyu ne: ko ana cire wani kaso domin tsohon bashi da ke kan gidan, ko an sauya wa layin rukuni. Rasit yakan nuna duka biyun.

Mita tana kuma iya auna na'urar da rubutun jikinta ya goge. A fuskarta akwai ɗan jan haske da ke ƙyaftawa, kusa da shi an rubuta sau nawa yake ƙyaftawa a yunit ɗaya, misali 1000 imp/kWh. A irin wannan mita kowace ƙyaftawa wat-awa ɗaya ce. Idan aka kashe komai aka bar na'ura ɗaya, hasken ya ƙyafta sau 10 a minti ɗaya, sau 600 ke nan a awa, na'urar tana jan wat 600. Idan kuma an kashe komai na gidan amma hasken bai daina ƙyaftawa ba, to akwai inda wuta ke zurarewa, ko wani ya jona waya a bayan mitar.

Gidan da ba shi da mita

Alƙaluman NERC sun nuna cewa a ƙarshen 2024 waɗanda ke da mita ba su kai rabin masu rajistar wuta a Najeriya ba, duk da shirin samar da mita ta hannun 'yan kasuwa na 2018 da shirin raba mita na gwamnatin tarayya da aka fara a 2020. Sauran ana kawo musu bil na kintace, wato kamfani ne ke ƙiyasta abin da suka sha. Wannan shi ne tushen yawancin rigimar kuɗin wuta a ƙasar.

A Fabrairun 2020 NERC ta ba da umarnin sa iyaka ga irin wannan bil. Ana duba matsakaicin abin da masu mita a yanki ko layi ɗaya suka sha, a hana kamfani cajin marar mita fiye da haka, hukumar kuma tana wallafa iyakar a shafinta na intanet. Kamfanonin ba su bi umarnin yadda ya kamata ba. A Fabrairun 2024 hukumar ta sanar da cewa kamfanonin rarraba wuta 11 sun caji marasa mita fiye da ƙa'ida da sama da naira biliyan 105 tsakanin Janairu da Satumban 2023, ta ci su tarar kusan naira biliyan 10.5, ta kuma umarce su da su mayar wa mutane rarar.

Iyakar hukuma matsakaici ce, ba ta san abin da ke cikin gidan mutum ba. Akwai lissafi mai sauƙi da ke nuna mafi yawan abin da gida zai iya sha ko da an yi almubazzaranci. A haɗa wat na duk kayan gidan, a ninka da duk awannin da aka sami wuta a watan, kamar ba a taɓa kashe komai ba. A gidan misali, ƙwayaye 60, fanka 140, talabijin 80, cajar waya uku kusan 30, jimilla wat 310. Awa 8 sau kwana 30 awa 240 ne. Wat 310 sau 240 yunit 74 da ɗoriya, da na guga ya kama kusan 82. Idan aka kawo wa wannan gida bil na yunit 200, ba sai an yi dogon musu ba: kayan da ke ciki ba za su iya shan haka a awannin da aka ba su wuta ba. Wurin da ya kamata a duba a takardar bil shi ne yawan yunit da aka rubuta na watan. Mutane da yawa jimillar kuɗin ƙasa kawai suke kallo, wadda ta haɗa da tsohon bashi, sai su kasa gane ko cajin watan ne ya yi yawa ko bashin ne ya taru.

Dokokin NERC sun tsara yadda ake kai ƙorafi. Ana fara rubuta wa sashen ƙorafe-ƙorafe na kamfanin, a riƙe kwafi. Idan ba a warware cikin kwanakin aiki 15 ba, ko mai ƙorafi bai gamsu ba, sai ya kai gaban zauren sauraron ƙorafi na hukumar, wanda ke da ofis a Kano, daga nan kuma zuwa hukumar kanta. Marar mita da ke jayayya a kan bil yana da damar ya ci gaba da biyan adadin bil na ƙarshe da bai yi jayayya a kansa ba har a yanke hukunci. Hukumar ta kuma bayyana cewa sayen taransifoma da turaku da waya, ko gyaransu, ba nauyin jama'ar unguwa ba ne. Duk da haka karo-karon gyaran taransifoma abu ne da aka saba da shi a garuruwa da ƙauyuka, kuma gidan da ke son sanin ainihin abin da wuta ke ci masa a shekara sai ya sa wannan kuɗi a lissafi.

Raba kuɗi a gidan haya da gidan gandu

Inda iyali da yawa ke kan mita ɗaya ko bil ɗaya, an fi raba kuɗin daidai wa daida ko bisa yawan ɗakuna. Hanyar tana da sauƙi, amma mai ƙaramin ƙarfi take cuta. A ɗauki gida mai sassa uku. Sashe na farko shi ne gidan misali mai yunit 62. Na biyu yana da kaya iri ɗaya da ƙarin firiza, yunit 98. Na uku ɗaki ɗaya ne mai ƙwai da fanka, yunit 20. Jimilla yunit 180, naira 9,675 a farashin misali. Idan aka raba uku kowa zai ba da naira 3,225. Bisa abin da kowa ya sha kuwa, na farko naira 3,332.50 ne, na biyu 5,267.50, na uku 1,075. Mai ɗaki ɗaya yana biyan ninki uku na haƙƙinsa, rarar kuma tana tafiya ga ƙanƙarar maƙwabcinsa. Wasu gidaje suna magance wannan da sa wa kowane sashe ƙaramar mita ta cikin gida, wadda kamfani ba ya karantawa amma tana nuna rabon kowa. Inda ba a sa ba, zama a rubuta kayan kowane sashe sau ɗaya a fitar da kason kowa cikin ɗari ya wadatar, sai dai a sake lissafi idan wani ya sayo sabuwar na'ura ko hunturu ya shigo.

Janareto, sola da cajin waya

Kuɗin da ake ba kamfani wani ɓangare ne kawai na abin da gida ke kashewa a kan wuta, kuma ƙa'idar yunit tana ba da damar a kwatanta sauran hanyoyin. Litar fetur tana ɗauke da ƙarfin zafi na kusan yunit 9, amma ƙaramin janareto kaso kaɗan yake mayarwa lantarki, tsakanin yunit 1 zuwa 2 a lita idan an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya yi ta hawa har ya haura naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. A kan naira 1,000, yunit ɗaya na janareto yana kamawa naira 500 zuwa 1,000, ban da baƙin mai da gyara, wato ya ninka farashin rukunin A sau biyu zuwa huɗu. Idan ƙwai biyu da talabijin kawai aka kunna da shi, tsadar ta fi haka, domin injin yana shan mai ko da kayan da ke kansa kaɗan ne.

Yankin Kano yana samun hasken rana mai yawa, kimanin yunit 5 zuwa 6 a kan kowace murabba'in mita a rana. Farantin sola mai wat 300 yakan ba da kusan yunit 1.2 a rana bayan an cire asarar waya da batir da zafi, ƙurar hunturu kuma tana rage shi idan ba a gogewa. Gidan misali mai yunit 1.8 a rana faranti biyu za su ɗauke shi, ban da guga. Farashin yunit na sola ana samunsa ne ta raba duk abin da aka kashe, har da canjin batir bayan 'yan shekaru, da jimillar yunit ɗin da kayan za su bayar a tsawon rayuwarsu.

Mafi tsadar wuta a yankin ita ce wadda ake saya a shagon mai caji. Waya ɗaya kusan wat-awa 20 take ɗauka, yunit ɗaya ke nan yana cika waya 50. Idan ana biyan naira 100 a kan kowace waya, mai wayar yana sayen yunit a kan naira 5,000, fiye da ninki 20 na farashin rukunin A. A cikin wannan kuɗi akwai man janareton mai shagon, da hayar wurin, da ladan tsaron wayar har mai ita ya dawo.